Sai Bango Ya Tsage: Hannun Ɗan Adam da Baƙin Halittu a Rushewar Muhalli

A tsibirin Guwam, wanda ke yammacin tekun Fasifik ƙarƙashin ikon Amurka, mutum zai shiga daji da asuba ya yi tafiya mai nisa ba tare da ya ji kukan tsuntsu ba. Itatuwa suna nan tsaye da ganyensu kore shar, sai dai abin da zai riƙa manne masa a fuska duk inda ya kutsa shi ne saƙar gizo-gizo. Masu binciken da suka bi dajin suna ƙirga wannan saƙa sun tarar cewa da damina yawanta ya ninka na tsibiran da ke maƙwabtaka har sau 40. Mafarin wannan shiru wani maciji ne mai launin ƙasa, gwanin hawan bishiya, ɗan asalin yankin Niyu Gini da arewacin Ostireliya, wanda ya iso tsibirin a ɓoye cikin kayan sojoji jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tsuntsayen Guwam ba su gaji tsoron maciji ba, domin kakanninsu ba su taɓa zama da mai farautarsu irinsa ba, saboda haka ya bi su sheƙa-sheƙa yana haɗiye ƙwai da 'ya'ya da iyaye, har 10 daga cikin nau'o'i 12 na tsuntsayen dajin suka ƙare.

Da ɓarnar ta tsaya a kan tsuntsaye, da da sauƙi. Tsuntsayen nan su ne ke cin gizo-gizo da ƙwari, kuma su ne ke cin 'ya'yan itatuwa su tashi da irin a cikinsu su kasayar da shi a wani wuri mai nisa, inda zai samu fili da hasken rana ya tsira. Da suka ƙare, sai iri ya koma zubewa a gindin uwarsa, inda ƙwari da cututtuka suka fi taruwa, ya ruɓe a nan. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa fitowar sababbin tsirrai na nau'o'in bishiya biyu da aka duba ta ragu da kashi 61 zuwa 92 cikin 100. Dajin da ido ke gani lafiya lau ya rage haihuwa ke nan, kuma giɓin ba zai bayyana ba sai ranar da manyan itatuwan suka fara faɗuwa babu magada.

Wannan shi ne abin da ya kamata a fara fahimta game da abin da masana ke kira tsarin muhallin halittu. Abin da ake nufi ya wuce tarin dabbobi da tsirrai da ke zaune wuri ɗaya, ya haɗa da hulɗar da ke tsakaninsu, wato wa ke cin wa, wa ke ɗaukar wa iri, wa ke ruɓar da gawa ya mayar da ita taki, da yadda duk wannan ya jingina da ruwa da ƙasa da yanayin wurin. Hulɗar ta ginu ne cikin dogon zamani, kowane nau'i yana daidaita halinsa da na maƙwabcinsa, shi ya sa tsarin kan rushe alhali yawancin mazaunansa suna nan da ransu.

A 2019 kwamitin masana na ƙasa da ƙasa da ke nazarin halittu da muhallinsu, wanda ake kira IPBES a taƙaice, ya fitar da rahoton da ya ce kusan nau'o'in dabbobi da tsirrai miliyan 1 na fuskantar barazanar ƙarewa, kuma ɗan Adam ya sauya kamannin kashi 75 cikin 100 na doron ƙasa sauyi mai yawa. Rahoton ya jera manyan dalilai biyar bisa girman tasirinsu: sauya yadda ake amfani da ƙasa da teku, ɗibar halittu kai tsaye ta hanyar farauta da kamun kifi da sarar itace, sauyin yanayi, gurɓata muhalli, sai kuma baƙin halittu masu mamaya. Jerin yana da amfani ga mai tsara manufa, amma yana iya sa mai karatu ya ɗauka huɗun farko aikin mutum ne, na biyar kuwa wata annoba ce da ta zo da ƙafarta. A ganina wannan rabo ba shi da tushe. Babu macijin da ya yi iyo daga Niyu Gini zuwa Guwam, jirgi ne ya kai shi. A wurare da dama kuma baƙon ba ya samun gindin zama sai ya tarar an riga an raunana masu gida, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsaga mafi girma ita ce share daji da busar da fadama domin noma da kiwo da gine-gine. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 1990 da 2020 an share daji mai faɗin hekta miliyan 420. Alƙaluman faɗi ba sa nuna dukan ɓarnar, domin dajin da tituna da gonaki suka yi wa gunduwa-gunduwa ba ya aiki irin na wanda ke dunƙule, ko da jimillar faɗinsu ɗaya ne. Bakin kowane yanki ya fi zafi da bushewa, wuta na kama shi cikin sauƙi, dabbobin da ke buƙatar fili mai yawa suna maƙalewa a ɗan wuri suna barbara tsakanin dangi har zuriyarsu ta yi rauni, kuma ta wannan bakin ne baƙin ciyayi ke fara kutsowa, domin su suka fi iya cin gajiyar ƙasar da aka tona da hasken da aka buɗe.

A ɓangaren ruwa, da wuya a samu misalin da ya kai na tekun Aral da ke tsakanin Kazakistan da Uzbekistan. A 1960 shi ne tafki na huɗu mafi girma a duniya, da faɗin kusan murabba'in kilomita 68,000. Mahukuntan Tarayyar Sobiyet suka karkatar da koguna biyun da ke shayar da shi, Amu Darya da Sir Darya, zuwa gonakin auduga a hamada, ruwan ya yi ta janyewa gishirinsa na ƙaruwa har kifayensa suka mutu, kuma cikin shekaru 50 abin da ya rage bai fi kashi 10 cikin 100 ba. Garin Moinak, wanda a da tashar masunta ce, yanzu ya fi kilomita 100 nesa da bakin ruwa, jiragen kamun kifi na zube a kan yashi suna tsatsa, iska na kwasar ƙura mai gishiri da ragowar maganin ƙwari daga busasshen gindin tekun tana watsa wa mazauna yankin.

Gurɓatawa kuwa ba koyaushe take zuwa da hayaƙi ko baƙin ruwa ba. A shekarun 1990 ungulayen Indiya da Pakistan da Nepal, waɗanda ake ƙirga su da miliyoyi, suka fara faɗuwa matattu, aka yi ta lalube shekara da shekaru ba a gane dalili ba. Ashe wani maganin rage zafi ne mai suna daikulofenak da aka fara yi wa shanu allurarsa. Saniya ta mutu da ragowarsa a jikinta, ungulu ta ci mushen, ƙodarta ta lalace cikin 'yan kwanaki. An hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006, amma tsakanin 1992 da 2007 wani nau'in ungulun ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. Ungulu dai ba ta da mai yabo, sai dai taronta kan share mushen saniya ya bar ƙashi zalla cikin ƙasa da awa guda. Da babu ita, mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana gurɓata ruwan sha, karnukan da ba su da iyayen gida suka yawaita tare da cutar haukan kare, har wani nazarin masana tattalin arziki da ya fito a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005.

Idan aka juyo ga baƙin halittu, wajibi ne a yi adalci tun farko, domin yawancin baƙi ba sa cutarwa. Kusan duk abin da ɗan Adam ke nomawa ko kiwo baƙo ne a mafi yawan ƙasashen da ake samunsa a yau. Rahoton da IPBES ta fitar a 2023 ya ƙirga nau'o'i fiye da 37,000 da mutum ya kai wuraren da ba nasu ba suka kuma zauna, amma waɗanda aka tabbatar da ɓarnarsu sun ɗan haura 3,500 ne. Sai dai waɗannan tsiraru suna da hannu a kashi 60 cikin 100 na ƙarewar nau'o'in da aka rubuta tarihinta, kuma a kashi 16 su kaɗai ne sanadi. Asarar da suke jawowa ta haura dala biliyan 423 a shekarar 2019, kuma tun 1970 tana ninkawa sau 4 a kowane shekaru 10.

Abin tambaya shi ne, me ke sa halittar da ke zaune lafiya a gidansu ta zama annoba a gidan wasu? Da farko dai ta baro maƙiyanta a baya. A ƙasarta ta asali akwai mai cin ta, akwai cutar da ke kama ta, akwai abokin gogayyar da ya san lagonta, kuma su ne ke riƙe da linzaminta, jirgin da ya ɗauko ta kuwa bai ɗauko su ba. Sannan akwai rashin sanin masu gida, irin na tsuntsayen Guwam, wanda ya fi tsanani a tsibirai da tafkuna inda halittu suka daɗe a keɓe. Abin da ya fi yaudarar mahukunta kuma shi ne jinkiri, domin baƙon kan yi shekaru 20 ko 50 a laɓe, adadinsa kaɗan, har a manta da shi, kafin wani sauyi ya buɗe masa hanya ya ɓarke gaba ɗaya, kuma duk abin da aka yi a lokacin ihu ne bayan hari.

Abin takaicin shi ne da yawa daga cikin mafi munin masu mamayar da gangan aka kawo su. A 1859 wani Baturen Ingila mai suna Thomas Austin ya saki zomaye 24 a gonarsa da ke jihar Biktoriya ta Ostireliya don ya samu abin harbi, kuma cikin shekaru 50 suka game mafi yawan nahiyar, suna cinye tsiro tun yana fitowa suna barin ƙasa tsirara ga zaizaya. Wata ƙwayar cuta da aka saki da gangan a 1950 ta rage su daga kimanin miliyan 600 zuwa miliyan 100, amma waɗanda suka tsira suka haifi zuriyar da cutar ba ta kayarwa da sauƙi. Zomayen ba su zama izina ba, domin a 1935 aka shigo da manyan kwaɗi 102 daga Hawai zuwa jihar Kwinslan don su cinye ƙwaron da ke ɓata rake. Ƙwaron na zaune can saman rake inda kwaɗo ba ya kaiwa, tsutsarsa kuma tana ƙarƙashin ƙasa, saboda haka kwaɗin suka ƙyale shi suka koma cin duk abin da ya shiga bakinsu. Ga shi kuma suna da dafi a bayan kai, macizai da damo da kadojin ruwan daɗi da suka haɗiye su suka yi ta mutuwa. Har jikin kwaɗon ya sauya, domin waɗanda ke sahun gaban mamayar ƙafafunsu sun fi tsawo, kuma saurin yaɗuwarsu ya tashi daga kusan kilomita 10 a shekara zuwa wajen 50. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Irin wannan kuskuren lissafi an yi shi a gabashin Afirka ma. A shekarun 1970 da 1980 an dasa wata bishiya mai ƙaya daga nahiyar Amurka, 'yar'uwar ƙirya, a busassun yankunan Kenya da Habasha domin tare hamada da samar da itacen wuta. Ta kama fiye da yadda aka so. Awaki da raƙuma na cin 'ya'yanta masu zaƙi su yaɗa irin a kashinsu, saiwarta na nutsawa ta zuƙe ruwan ƙasa, ta rufe wuraren kiwo da hanyoyin mashaya da sarƙaƙiyar da ba ta ratsuwa. A yankin Baringo na Kenya, inda zaƙin 'ya'yan ke ruɓar da haƙoran awaki, makiyaya sun kai gwamnati ƙara a 2006, suka je kotu a Nairobi da akuya marar haƙora a matsayin shaida.

Waɗanda suka zo ba da gayyata ba kuwa kasuwancin duniya ne abin hawansu. Jirgin ruwan dakon kaya idan ya sauke lodinsa yakan ɗebi dubban tan na ruwa a cikinsa domin ya daidaita a kan teku, ya je wata nahiya ya zubar, tare da duk ƙwai da tsutsa da ƙananan halittun da ke ciki. Ta haka wata 'yar halitta mai ɓawo daga yankin tekun Kasfiya da Bahar Aswad ta isa manyan tafkunan Arewacin Amurka, inda aka gano ta a 1988. Mace ɗaya na iya zuba ƙwai har miliyan 1 a shekara, suna mannewa a kan juna su toshe bututun ruwan sha da na tashoshin lantarki, su kuma tace abincin da ƙananan kifaye ke rayuwa a kai.

Wurin da ya fi nuna yadda hannun mutum da baƙin halittu ke haɗuwa su zama abu ɗaya shi ne tafkin Biktoriya, mafi girma a Afirka, wanda Tanzaniya da Yuganda da Kenya suka yi tarayya a kansa. A cikinsa akwai ƙananan kifaye dangin karfasa kusan nau'i 500 waɗanda babu su a ko'ina a duniya, kowanne da sana'arsa: wani na kankare gansakuka daga jikin dutse, wani na fasa katantanwa, wani na cin tsutsar ƙwari, wani na tsintar ruɓaɓɓen abu a gindin ruwa. Wasu jami'an kula da kamun kifi na mulkin mallakar Birtaniya sun ɗauke su a matsayin ƙananan kifaye masu ƙaya marasa daraja a kasuwa, saboda haka a shekarun 1950 da farkon na 1960 aka zuba giwan ruwa a tafkin domin ya cinye su ya mayar da su tsoka mai tsada. Giwan ruwa, wanda kan kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200, ɗan gida ne a kogin Nilu da kogin Neja da tafkin Chadi, inda kifayen da ke zaune da shi suka san shi tun fil azal. A Biktoriya ya yi fiye da shekaru 20 ba a jin ɗuriyarsa, sannan a farkon shekarun 1980 ya ɓarke, kuma cikin shekaru 10 kimanin nau'o'i 200 na ƙananan kifayen nan suka ɓace.

Yana da sauƙi a ɗora wa giwan ruwa laifin duka, amma bangon ya riga ya tsage kafin ya yi ƙarfi. Tun farkon ƙarni na 20 aka shigo da ragar zamani wadda ta rage manyan kifayen gida. Jama'a ta ƙaru a kewayen tafkin, aka sare dazuzzuka, laka da toka da ƙazantar birane suka riƙa kwarara ciki, gansakuka ta samu taki ta yawaita, idan ta mutu ta nutse ta ruɓe ta shanye iskar oksijin da ke zurfin ruwa. Kifayen da ke cin gansakuka da ruɓaɓɓen abu, waɗanda da su ne za su rage wannan nauyi, su ne giwan ruwa ke cinyewa. Akwai kuma wata ɓarnar da sai an matso kusa ake ganinta. Matan waɗannan kifaye da launi suke zaɓen miji, wata ja take so, wata shuɗi, kuma wannan zaɓe ne ke raba nau'i da nau'i. Da ruwan ya gurɓace ya yi duhu, mace ta daina bambance launi, nau'o'in da suka rabu suka koma cuɗanya suna narkewa cikin juna ba tare da an ci ko ɗayansu ba. Shi kansa giwan ruwan ya ƙara wa daji nauyi, domin namansa mai maiƙo ba ya shanyuwa a rana kamar na ƙananan kifaye, sai an yi bandarsa da itace.

Ana cikin haka, a ƙarshen shekarun 1980, wani tsiro mai yawo a kan ruwa kamar kainuwa, ɗan asalin kwarin Amazon wanda aka yaɗa a duniya saboda kyawun furensa, ya gangaro ta kogin Kagera ya tarar da ruwa cike da taki. Yana iya ninka kansa cikin mako 2. Zuwa 1998 ya shimfiɗe a kan dubban hektoci, ya toshe tashar jiragen ruwa ta Kisumu, ya hana kwale-kwalen masunta fita, ya riƙa cushe mashigar ruwan tashar lantarki da ke Jinja, sauro da katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya kuma suka samu mafaka a cikinsa. Duk da haka lissafin riba da asara a wannan tafki ba mai sauƙi ba ne. Giwan ruwa ya kafa masana'antar fitar da kifi zuwa Turai wadda ta samar wa dubban mutane aiki a Muwanza da Kisumu da Jinja, kuma ba na jin akwai gwamnatin da za ta yarda a kawar da shi a yau ko da hakan zai yiwu. Sai dai ribar ta fi tafiya ga mai babban jirgi da mai masana'anta, ƙaramin masunci da mata masu shanya ƙananan kifi kuwa su suka ɗauki asarar.

Sauyin yanayi aikinsa faɗaɗa tsagar da ke akwai. A tsibiran Hawai babu sauro sai a 1826, lokacin da ya iso cikin jirgin ruwa, daga baya kuma tsuntsayen da aka shigo da su suka kawo zazzaɓin cizon sauro irin na tsuntsaye. 'Yan gida ba su da garkuwa, wasunsu cizo ɗaya ya isa ya kashe su. Daga nau'o'i fiye da 50 na wani dangin tsuntsaye da ba a samu sai a Hawai, 17 suka rage, kuma yawancinsu sun tsira ne a saman tsaunuka, inda sanyi ke hana sauro da ƙwayar cutar yaɗuwa. Yanzu da ɗumama ke ƙaruwa sauron na hawa tsaunin sannu a hankali, kuma a tsibiri irin Kawai, wanda tsauninsa ba shi da tsawo sosai, babu sauran saman da za a gudu.

Akwai masanan da ke ganin an cika zafafawa, tunda halittu sun daɗe suna ƙaura tun kafin mutum, kuma ya kamata a auna kowane nau'i da abin da yake yi maimakon inda ya fito. Rabin maganar gaskiya ce, domin yaƙar baƙo don baƙuncinsa kawai ɓarnar kuɗi ce. Inda ta gaza shi ne batun sauri. A da sabon nau'i kan isa tsibiri mai nisa sau ɗaya cikin dubban shekaru, masu gida su samu lokacin sabawa, yanzu kuwa ana rubuta sababbin baƙi kusan 200 a kowace shekara, kuma suna sauka ne a kan muhallin da aka riga aka gajiyar.

Ana cewa baƙo raɓa ne, amma wannan baƙon idan ya bazu a nahiya ko cikin babban ruwa ya zauna ke nan, sai dai a yi ta rage shi shekara bayan shekara da kuɗin da ba ya ƙarewa. Shi ya sa ƙoƙarin ƙasa da ƙasa ya karkata ga tsare ƙofa. Yarjejeniyar da ta wajabta wa jirage su kashe ko su tace abin da ke cikin ruwan daidaita nauyinsu kafin su zubar an amince da ita a 2004, amma ba ta fara aiki ba sai 2017, kuma a shekaru 13 ɗin nan jirage ba su tsaya jira ba. A taron Montiriyal na Disambar 2022 ƙasashe kusan 200 suka yi alkawarin rage shigowar baƙin halittu masu mamaya da aƙalla rabi nan da 2030. Cika wannan alkawari na buƙatar jami'in da ya san aikinsa a kowace tasha, da ɗakin gwaji, da ikon mayar da kaya inda suka fito, kuma ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda jama'arsu suka fi dogaro da ƙasa da ruwa kai tsaye, su suka fi rasa waɗannan.

A tsibirai ne aka fi samun cikakkiyar nasara, ita ma sai an fahimci hulɗar kafin a sa hannu. A tsibirin Makwari da ke kudu da Ostireliya an gama kawar da kyanwoyin da suka koma na daji a 2000 domin ceton tsuntsayen teku, sai zomayen da kyanwoyin ke ci, waɗanda cutar da ke rage su ma ta ja baya a daidai lokacin, suka haura 100,000 suka aske ciyayin tsibirin har gangare ya fara zaftarewa a kan mazaunin tsuntsayen. Sai da aka dawo aka yi wa zomaye da ɓeraye taron dangi lokaci guda, da guba daga jirage masu saukar ungulu da karnukan farauta, a kan kusan dalar Ostireliya miliyan 25, kafin a ayyana tsibirin ya rabu da su a 2014. Dabarar kawo maƙiyin baƙo daga ƙasarsa, wadda kwaɗon rake ya ɓata wa suna, ita ma tana aiki idan an yi dogon gwaji an tabbatar maƙiyin ba zai ci komai ba sai abin da aka kawo shi dominsa. Wasu ƙananan ƙwari daga Kudancin Amurka da aka saki a tafkin Biktoriya a tsakiyar shekarun 1990 sun taimaka wajen karya tsiron da ya rufe shi, ko da yake yakan dawo duk lokacin da taki ya ƙaru a ruwan, domin ƙwaro ba ya tare kwararar ƙazanta.

A Guwam kuwa har yau ana fafatawa. Macijin na hawa turakun lantarki yana haɗa wayoyi, abin da ya jawo ɗaukewar wuta sau dubbai tun ƙarshen shekarun 1970. An gano cewa farasitamol, ƙwayar da mutum ke sha don ciwon kai, guba ce gare shi, saboda haka ake haɗa miligiram 80 da mataccen ɓera a jefo daga jirgi mai saukar ungulu, ɗaure da wani dogon ƙyalle da zai sarƙe a reshe, inda macijin ke farauta. A filin jirgin sama da tashar jiragen ruwa karnuka na sansana kaya kafin su fita, gudun kada macijiya ɗaya mai ƙwai ta isa Hawai. Wani ɗan tsuntsu mai dogon baki da mutanen tsibirin ke kira sihek ya ɓace daga daji tun 1988, bayan an kama guda 29 an kai gidajen namun daji ana kiwon su. A 2024 aka saki 9 daga cikin jikokinsu, amma tunda macijin na nan a gida, sai aka kai su tsibirin Falmira mai nisan dubban kilomita, wanda aka kawar da ɓerayensa a 2011, kuma a can ne suka haƙa sheƙa suka yi ƙwai a 2025.